Yadda za ki haɗa mujallar 'yan mata a wannan zamani na waya

'Yar'uwa in kina da niyyar buɗe mujallar 'yan mata a nan Zariya, abu na farko ki cire ranki daga takarda. Eh na sani, garin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ne tun 1939, muna da alaƙa da ɗab'i, amma ko a Amurka mujallar 'yan mata ta Teen Vogue da ta fara fita a 2003 ta daina buga ta takarda a 2017 ta koma intanet, har ta shiga taɓa siyasa saboda tambayoyin masu karatunta sun wuce na jambaki da gazal. To balle ke da kuɗin bugu kaɗai zai lashe jarinki kaf.

Kafin ki rubuta komai ki zauna da 'yan matan tukuna. Bayan an tashi Islamiyya ki ajiye kwali, kowa ta rubuta tambayarta a 'yar takarda ba suna ta jefa, wallahi abin da za ki gani sai ya ba ki mamaki, 'yar aji biyu a sakandare damuwarta al'ada ce da kurajen fuska da ƙawar da ta daina kula ta, 'yar aji shida kuwa JAMB ce da makin shiga ABU da wani da ke turo mata saƙo cikin dare, kuma fa yarinya ɗaya ce, shekara uku zuwa huɗu kawai suka shiga tsakani. Don haka duk zangon karatu ki sake ajiye kwalin nan, kar ki ce ai kin riga kin san su.

Sai maganar waya. Da yawansu wayar Mama suke ara, data kuma ba ta da yawa, to ki bar fayil mai nauyi, ki yi hoto ɗaya mai gajeren rubutu ko saƙon murya na minti biyu a WhatsApp. Ki rubuta yadda in Mama ta buɗe ba za ta goge lambarki ba, ma'ana ki faɗi gaskiya amma da kunya irin tamu.

Tambayar lafiya, musamman man bilicin da ciwon mara, ki kai wa nas ko likita su amsa, ban da "an ce". Hoton yarinya kuwa kar ki kuskura ki ɗora sai iyayenta sun yarda, ko da hannunta ne kawai da lalle.