Kayen Lucky Luke: yadda na daina sayen labari ɗaya sau biyu

Labari ɗaya ya shigo gidana har sau uku ban farga ba. Na farko yana cikin akwatin ƙarfen da yayana ya bar mini a Tawa da ya gama lakwal, tsofaffin littattafan zane na Lucky Luke, kaboyin nan da ke riga inuwarsa harbi. Na biyu na saye shi nan Yamai wajen masu shimfiɗa littattafai a ƙasa kusa da Babbar Kasuwa, an sake masa bango. Na uku kuwa yana ɓoye cikin wani ƙaton kundi mai albam uku (albam shi ne littafin zane guda yadda kamfani ya fitar da shi), wanda na ba da jikka huɗu a kansa ina ta murna. Da na buɗe a gida, biyu cikin ukun ina da su. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, doki ɗaya ne kake ta saye a kasuwa uku." Washegari na sayo kaye mai layi, na fara rubutu.

Abin da na gano tun a shafin farko: labari ake bi, ba littafi ba. Littafi riga ce kawai, kamfani yana iya sake ɗinka ta duk lokacin da ya ga dama.

Kada ka yarda da lambar da ke jikin bango. Morris, ɗan Beljiyam, ya ƙirƙiro Lucky Luke a 1946, kuma kamfanin Dupuis ya fitar da albam 31. A 1968 aikin ya koma hannun Dargaud a Faransa, lissafi ya sake tashi daga farko. Shi ya sa akwai "lamba 1" guda biyu: La Mine d'or de Dick Digger na 1949, da La Diligence na 1968, wanda wasu jerin ke kira lamba 32. Wanda ɗan'uwansa ya kawo wa bugun Ingilishi na Cinebook zai tarar da lissafi na uku, inda Billy the Kid ne a gaba. In ka ce wa mai sayarwa "ina neman lamba 5", to Allah kaɗai Ya san abin da zai miƙo maka.

Ko a cikin Dupuis ɗin ma jerin albam bai bi jerin haihuwar labaran ba. Labarin farko, Arizona 1880, ya fito a ƙarshen 1946 cikin Almanach Spirou na 1947, amma bai shiga albam ba sai 1951, a lamba 3, tare da wani labari daban. Albam lamba 1 shi ma labari biyu ne a ciki. Saboda haka kundin da aka tsara bisa shekaru da wanda aka tsara bisa lambar albam ba za su fara da abu ɗaya ba, ko da duka biyun an rubuta musu "Intégrale 1".

Ga yadda kayen yake. Na buɗe shafi biyu masu kallon juna. A na hagu, kowane labari layinsa guda, ko da shafi huɗu ne kacal. Ina rubuta sunansa da Faransanci yadda yake, ba na fassarawa, don fassarata ta yau ba lalle ta zo daidai da ta baɗi ba. Sai shekarar da ya fara fitowa da mujallar da ta ɗauke shi, Spirou ko Pilote. Sai wanda ya rubuta: na farko-farko Morris ne shi kaɗai, daga 1955 René Goscinny ya kama rubutun har rasuwarsa a 1977. Sai yawan shafukan zane. Cikakken labari yawanci 44 ne, amma ƙirga na zane, kada ka bi lambar da madaba'a ta sa a ƙasan takarda, don ita kan canza daga bugu zuwa bugu. Masu zane da yawa suna sa tasu ƴar lambar a kusurwar hoton ƙarshe na shafi, ita ce ba ta motsi.

Gurbi na biyar shi ya fi yi mini amfani, kuma ban taɓa ganin wani ya damu da shi ba. Ina bayyana hoton farko na labarin da kalma biyar ko shida, da Hausa: wane ne a ciki, a kan doki ko a ƙasa, gari ne ko daji. Dalili kuwa littattafan da ke zuwa mana nan sun sha hannu. Wani babu bango, wani gara ta cinye shafin suna, wani yaro ya yage shi ya yi jirgi. In suna ya tafi, hoton farko yana nan.

Shafin dama na littattafai ne. Kowane littafi da ya shigo hannuna ina ba shi harafi a sama, A, B, C, in ja layi zuwa ƙasa, in sa alama daidai kowane labarin da ke cikinsa. Wanda na riƙe da hannuna na ƙirga shafukansa, da bik nake sa masa alama. Wanda a wani jeri kawai na gani, fensir. Sau biyu fensirin ya cece ni daga kunya.

Akwai alama ta uku, ɗan da'ira, ma'ana labarin yana nan amma an taɓa shi. A labarin Hors-la-loi, yadda ya fito a mujalla, an nuna harsashi ya kashe ɗan fashin nan Bob Dalton. Da za a yi albam sai aka sake zana wurin saboda dokar Faransa ta 1949 kan littattafan yara. Haka aka cire hoton Billy the Kid yana jariri yana tsotsar bindiga daga tsohon bugu, daga baya aka mayar. (Af, Dalton ɗin Hors-la-loi ba su ne Joe da Averell da yara suka sani ba, su Joe ƴan'uwansu ne da suka zo daga baya.) Ƙananan bugun aljihu su ma da'ira nake ba su, don yanka hotuna ake yi a sake jera su. Kundin da aka ɗaure mujallun Spirou na ƴan watanni wuri guda kuwa, "rabi" nake rubuta masa sau da yawa, tunda labari mako-mako yake fita, yana iya farawa a wannan kundi ya ƙare a na gaba.

Sanin shekarun bugu ba shi da wuya. Nemi ɗan layin "dépôt légal", mai nuna lokacin da aka yi wa bugun rajista, a farko ko ƙarshen littafi, sannan ka juya bayan bango ka duba jerin albam ɗin da suka riga suka fito. Sunan ƙarshe a jerin ya fi gaya maka gaskiyar lokacin da aka buga wanda ke hannunka. Tsofaffi sosai ba su da ISBN, wato lambar shaidar littafi. Sabuwar ISBN kuma sabon bugu take nufi, ba sabon labari ba. In ka ga ciyawa a bakin kaboyin maimakon taba a cikin shafuka, labarin daga 1983 ne zuwa sama.

A intanet, Bedetheque yana jera bugu-bugu da hoton bangonsu, da shi na cike gurbin shekaru. Mai tara Picsou da Mickey ya fi mu sa'a: yawancin labaran Disney suna da lambar shaida a hoton farko, ya sa ta a shafin intanet na Inducks ya ga duk inda aka sake buga su. Amma a tsakiyar kasuwa da rana tsaka ba na dogara da rezo. Na ɗauki hoton shafukan kayen na ajiye a salula.

Ran Asabar ɗin da ta wuce mai littattafan ya hango ni ya ɗaga wani kundi mai kauri. "Mushe, wannan kam ba ka da shi, na rantse." Na tsuguna, na buɗe farkon kowane labari, na gwada da salula. Uku ne a ciki, biyu suna da alamar bik, ɗaya layinsa fari fat. Na ce, "Alhaji, ɗaya nake saye, biyun rakiya suka yi." Ya yi dariya, muka yi ciniki ya tsaya a jikka biyu da rabi. Da dare na ba kundin harafin R, na cike layin. Saura layi tara a zamanin Dupuis.