Yadda za a sa sihiri ya zama da haɗari a teburin Dungeons & Dragons

A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014 (wasan tebur ne da ake kwaikwayon jarumai da jifar ɗan lido), matsafi yana kashe gurbin sihiri ɗaya daga cikin ƙidayayyun damar yin sihiri da yake da su, aiki ya tafi, shi kuma ko ƙwarzane babu. Idan kana jan wasa kuma kana so ɗan wasa ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga sanda, ga ƙa'idar da za ka ƙara.

Duk sihirin da ke cin gurbi, mai shi zai jefa ɗan lido mai fuska 20, ya haɗa da ƙarin makinsa na sihiri. Lambar da zai kai ita ce 10 a tara da matakin sihirin. Sabon matsafi mai ƙarin 5 da ke jefa sihirin mataki na 1 yana neman 11, wato 6 ko sama a ɗan lido: nasara kashi 75 cikin ɗari. In ya gaza, zagayensa ya wuce amma gurbin na nan. In 20 ta fito, sihirin ya tafi kyauta. In 1 ce, reshe ya juye da mujiya: gurbin ya ƙone, sai a jefa mai fuska 6. Daga 1 zuwa 3, ya rasa makin rai biyu kan kowane matakin sihirin. 4 ko 5, sihirin ya faɗa wa abokin da ya fi kusa. 6, ya ɗauki matakin gajiya ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ninka jifa. Idan sihirin dama yana buƙatar jifar hari, misali mai damar kashi 60, ka ɗora masa wata ta kashi 75, abin ya koma 45, matsafi ya zama ɗan kallo. A irin wannan, jifar harin kaɗai ta wadatar. 1 ɗinta ce za ta jawo masifa.

Ka kula da gajiya sosai. A ƙa'idojin 2014, matakinta na farko yana tilasta jifa biyu a ɗauki ƙarama wajen gwajin iyawa, dogon hutu yana cire mataki ɗaya ne kawai, na shida kuma mutuwa ne. Don haka ka faɗa tun farko cewa gajiya ba ta shafar jifar sihiri, in ba haka ba gazawa za ta riƙa haifar gazawa.

Ƙananan sihirin da ba sa cin gurbi a bar su lafiya. Na warkarwa ma a sassauta musu da lamba 8 maimakon 10, domin in ya ƙi ci, wanda ke kwance ne zai biya, ba wanda ya jefa ba.