Babi na Bakwai: Rage Ƙiba da Cokali da Tef ɗin Tela

A ƙasar Hausa an daɗe ana yi wa ƙiba kallon alamar hutu da wadata. Idan magidanci ya ajiye tumbi sai a ce ya samu, idan amarya ta murje bayan biki sai dangi su yaba wa mijin cewa ya iya kiwo. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa kitsen da ya wuce kima, musamman wanda ya taru a ciki, yana jawo hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ga kuma ciwon gwiwa wanda kan sa mutum ya koma yin salla a kan kujera tun bai tsufa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙiba mai yawa.

Kafin mutum ya sauya komai a cimarsa, ya kamata ya fara sanin inda yake, kuma ido ba ya isa wannan aiki, domin babbar riga da zane suna ɓoye abubuwa da yawa. A samu tef irin na tela, a miƙe tsaye, a fitar da numfashi ba tare da an tsuke ciki ba, sannan a zagaya tef ɗin daidai saitin cibiya. Idan awon namiji ya kai santimita 94, wato inci 37, ko na mace ya kai santimita 80, wato inci 31 da rabi, to kitsen ciki ya fara yawa. Wanda bai gama sabawa da lambobin tef ba yana iya yanko igiya daidai tsawonsa daga ƙafa zuwa kai, ya ninka ta biyu, ya zagaya ta a cikinsa. Idan bakunan igiyar suka kasa haɗuwa, lokacin gyara ya yi. A asibiti kuma ana lissafa tsawon mutum sau tsawonsa a mita, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Mai kilo 80 da tsawon mita 1.65 zai sami 29.4, alhali daidai shi ne daga 18.5 zuwa ƙasa da 25, kuma daga 30 zuwa sama ana kiransa ƙiba mai yawa.

Kada wannan lissafi ya karya wa kowa gwiwa. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutane fiye da 3,000 waɗanda suke dab da kamuwa da ciwon suga, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora kan gyaran abinci da motsa jiki na minti 150 a mako, da nufin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 80, kashi 7 bai kai kilo 6 ba, kuma rage rabin kilo a mako ya wadatar.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne abin sha, domin nan ne suga yake shiga jiki da yawa ba tare da ciki ya ji an ci wani abu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma idan ya tsaya a cokali 6 ya fi. Robar lemon kwalba guda mai rabin lita tana iya ɗaukar cokali 12 ko fiye, ke nan ta cinye rabon yini ita kaɗai. Ku tsaya wata safiya a teburin mai shayi ku lura da hannunsa: yana zuba suga da babban cokali sau biyu ko uku, ya tsiyaya madarar gwangwani, ya ƙara garin koko mai zaƙi, sannan a haɗa da rabin burodi. Haka zoɓo da kunun zaƙi da fura suke, asalinsu abinci ne mai kyau, sugan da ake ɗura musu ne yake ɓata su. Dabarar da ta fi ɗorewa ita ce a rage cokali ɗaya a wannan mako, a sake rage wani a mako mai zuwa, domin harshe yana sabawa a hankali, har ta kai mutum ya kurɓi shayin da ya saba sha a da ya ji zaƙin ya ishe shi. Zuma ma suga ce a wannan lissafi, duk da sauran amfaninta.

Na biyu shi ne mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu yana ba jiki ƙarfin da sai mutum ya yi tafiyar kusan rabin sa'a kafin ya ƙone shi. Uwargida da take tsiyaya mai kai tsaye daga galan zuwa tukunya ba za ta taɓa sanin yawan abin da ta zuba ba, don haka ta riƙa aunawa da cokali, ta kuma kwashe man da ya taso saman miya kafin a raba abinci. Ƙosai da fanke da soyayyen dankali da awara su zama na jefi-jefi. Waken da ake yin ƙosai da shi, idan aka yi alale ko aka dafa shi haka nan, yana riƙe ciki tsawon lokaci da ɗan mai kaɗan. A watan azumi, inda wasu suke tsammanin za su rame, soye-soyen buɗa-baki da kunu mai suga ne suke sa a yi Salla da nauyin da ya fi na Sha'aban.

Ba a ce kowa ya bar tuwo ba, kuma duk wanda ya ce da Bahaushe ya daina cin tuwo ya san maganarsa ba za ta kwana biyu ba. Abin da ake so shi ne a sauya rabon kwano. Mai cin malmala uku ya koma biyu, ya cike gurbin da miya mai ganye da yawa, irin su alayyafo da yakuwa da kuɓewa da kuka, ko kwaɗon zogale da na rama. Tuwon dawa da na gero da acca, musamman idan ba a surfe hatsin ƙwarai ba, sun fi farar shinkafa da burodin fulawa jinkirin narkewa, saboda haka yunwa ba ta saurin dawowa. Inda ake cin abinci a tire ɗaya, wanda yake son rage ƙiba ya ɗebi nasa a ƙaramin kwano, domin a cikin taro hannu ba ya ƙidaya loma. Wannan ya yi daidai da hadisin da aka sani na raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Gishiri kuma kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini ga mutum guda, a haɗa har da wanda yake cikin dunƙulen ɗanɗano, kuma daddawa da citta da tafarnuwa suna iya ɗaukar wani ɓangare na aikinsa.

Motsa jiki na minti 150 a mako yana nufin minti 30 sau biyar, kuma ana iya raba shi safe da yamma. Tafiyar da ake nufi ita ce mai ɗan sauri, wadda mutum zai ji numfashinsa ya ƙaru amma yana iya magana. Magidanci ya taka zuwa masallacin Juma'a ko kasuwa maimakon hawa babur, ko ya sauka daga a-daidaita-sahu kafin a kai ƙofar gida. Matan da ba sa yawan fita suna iya zagaya tsakar gida bayan sallar asuba, ko su yi tsallen igiya idan gwiwa lafiya take.

Akwai gargaɗi kan magunguna. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a kasuwa da waya yawanci gudawa ko yawan fitsari yake sawa, ruwan jiki ne yake fita, kitsen yana nan. Ƙwayoyin sa ƙiba da wasu mata suke sha, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, sau da yawa suna ɗauke da maganin dexamethasone, wanda shansa ba da umarnin likita ba yana kumbura fuska, ya ɗaga suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Mai ciki da mai shayarwa da wanda yake kan maganin suga kada su rage abinci sai sun tuntuɓi ma'aikacin lafiya. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya sauya komai ba, tare da yawan ƙishirwa da fitsari ko tari mai daɗewa, ya je asibiti a gwada shi.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya ja layi uku a littafinsa. A layi na farko ya rubuta awon cikinsa da kwanan wata, a na biyu ya rubuta yawan cokalin sugan da ya sha kowace rana, a na uku kuma mintocin da ya yi yana tafiya. A darasi mai zuwa za a haɗa jimillar kwana bakwai a kan allo tare da malami.