Yadda Ake Sayen Kwale-kwale Mai Inji: Sabo Ko Na Hannu?

Mutumin birni da ke son zuba jari a kwale-kwale, ko don fito ko don kamun kifi a Tiga, Challawa ko dam ɗin Watari da ke Bagwai, kaya biyu zai saya: jikin jirgi da inji. Kada ka yarda a haɗa maka su a ciniki ɗaya. Kowanne a yi masa kuɗinsa daban, domin yawancin kuɗin a inji yake, asarar ma can take ɓuya.

Fara da aikin da jirgin zai yi. In koma da kifi zai ɗauka kusa da gaɓa, inji mai ƙarfin doki 15 ya wadatar, kuma na hannu mai lafiya zai yi. In mutane zai tsallakar, ana maganar doki 40 ne, kuma a ganinmu gara ka sayi jiki na hannu ka ɗora masa sabon inji. Mutuwar inji a tsakiyar Tiga da fasinja, ga iskar damina ta taso, ba a gyara ta da ban haƙuri.

Duban jiki ba shi da wuya. Na katako, bi shi da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa: lafiyayyen katako yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Caka sukundireba a mahaɗar katakai da gindin ƙusoshi. Ka yi hattara da jirgin da ya daɗe a tudu, saboda hunturu da zafin bazara suna busar da katako har mahaɗai su buɗe. Na faiba, duba allon baya inda ake rataye inji, ka jijjiga shi da ƙarfi. In ya lanƙwasa, katakon da ke ciki ya sha ruwa. Sabon fenti a kan tsohon jirgi ma abin tambaya ne. Daga nan a sa shi a ruwa da kaya na rabin awa, a ga abin da zai tara.

Inji na hannu kuwa sai ka zauna. Tafi da makaniken da ya saba da injin jirgi, ba mai gyaran babur ba, ko da yake dukansu fulogi da kafireto ne. Taɓa injin kafin a tayar: in da ɗumi, an riga an tayar da shi don a ɓoye wahalar tashi. Kada a tayar a busasshe, ko na ɗan lokaci, domin robar famfon da ke jawo ruwan sanyaya inji tana ƙonewa nan take. A tsoma ƙafarsa, wato sashen ƙasa mai farfela, a duro ko a dam. Yana tashi, dubi ɗan siririn ruwan da yake tsartuwa ta baya. In babu, ko yana ɗiga-ɗiga, famfo ya mutu ko hanya ta toshe, kuma mai yiwuwa injin ya taɓa yin zafi fiye da ƙima.

A kwance noti na ƙasan ƙafar a ɗiga man giya. In ya fito fari kamar kindirmo, ruwa na shiga. Sau da yawa zaren koma ne ya naɗe bayan farfela ya cinye robar da ke tare mai. In akwai ɓurɓushin ƙarfe, haƙoran giya ne ke cin juna, ka haƙura da injin. A auna matsin kowace silinda da geji. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 alama ce zobe ko fistin ya gaji. Injinan hannu da dama daga Legas ko Fatakwal ake hauro da su, wasu sun yi aiki a ruwan gishiri. Farin gari a jikin alminiyom da notukan da suka ƙi kwancewa su ne shaida, kuma cin da gishiri ya yi a ciki ya fi na waje.

Auna tsayin allon baya kafin ka biya. Mai inci 15 gajeriyar ƙafa yake so, mai inci 20 doguwa. In ƙafa ta gaza, farfela za ta riƙa shan iska, inji na kuka jirgi ba ya tafiya.

Sabo ma yana da sharaɗi. Irin Yamaha Enduro da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, awa 10 na farko ana ninka man, lita 1 a fetur lita 25, kuma ba a buɗe masa wuta gaba ɗaya. Bayan nan sai rabin lita a lita 25, ko abin da littafinsa ya ce. Karɓi takardar garanti, ka kuma tambayi inda za ka samu robar famfo da farfela, don ba kowane shago a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano ke ajiye su ba.

Ko sabo ko na hannu, lambar da ke jikin maratayin inji ta dace da ta rasit. Injin da aka kankare lambarsa, ka bar shi, injinan sata na yawo. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, da sanin Sarkin Ruwan yankin, a fayyace wanda zai biya la'adar dillali. Mai fito ya nemi rajista da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ya sa kuɗin rigar ruwa ta kowane fasinja cikin lissafi tun farko. Jirgin da ya kife a Bagwai a Nuwamban 2021, aka rasa fiye da mutum 20, lodi ne ya yi masa yawa. Don haka rubuta adadin mutanen da naka zai ɗauka a jikinsa da fenti, kafin ka miƙa shi ga matuƙi.