Yadda Ake Haɗa Kayan Sauti a Ɗaki Domin Su Ba da Murya Mai Tsabta

Yawancin masu sayen kayan sauti a Zariya da ƙara suke auna su, idan sifika ta girgiza taga har maƙwabta suka leƙo, to a wurinsu ciniki ya yi kyau. Akwai kuma wasu masu sha'awar wannan harka waɗanda abin da suke nema daban ne, wato su zauna a ɗaki su ji muryar mawaƙi ko ta makaranci kamar yana gabansu, su rarrabe kalangu da kotso, su gane inda mai goge yake zaune da inda 'yan amshi suke tsaye. Samun irin wannan sauti ya fi dogara da ɗakin da aka zaɓa, da inda aka ajiye sifiku, da lafiyar wutar da ke shiga na'ura, fiye da yadda ya dogara da tsadar kaya, shi ya sa ya kamata a bi aikin mataki-mataki kafin a zuba kuɗi.

A fara da ɗaki tun ba a je kasuwa ba. Mutum ya tsaya a tsakiyar ɗakin da yake son amfani da shi ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ya saurara. Idan tafin ya mutu nan take, ɗakin yana da kyau. Idan kuwa ya bar amsa-kuwwa mai kaifi tana kai da komo tsakanin bango da bango, akwai aiki a gaba. Gidajen bulo na zamani da ake ginawa a Samaru da Tudun Wada da Sabon Gari, masu daɓen tayil da silin mai santsi da manyan tagogin gilashi, su ne suka fi wannan matsala, domin duk fuskokin nan suna mayar da sauti ba tare da sun sha komai daga cikinsa ba. Tsohon soron ƙasa na cikin Birni, mai kaurin bango da rufin bakan gizo da yaɓe marar santsi sosai, sau da yawa ya fi su daɗin saurare ba tare da an kashe masa ko kwabo ba. Maganin ɗakin tayil ba mai tsada ba ne: a shimfiɗa kafet ko darduma mai kauri tsakanin sifiku da wurin zama, a rataya labule mai nauyi a taga, a bar kujeru masu taushi da kantar littattafai a cikin ɗakin. Kwalin ƙwai da wasu suke mannawa a bango ba ya tsinana abin kirki, sai dai ya tara ƙura da kyankyasai.

Girman ɗaki ma yana da nasa tasiri, musamman a kan sauti mai kauri da ake kira bas. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka ɗakin da tsawonsa ya kai mita 4 zai riƙa kumbura sautin da ke kusa da haz 43 (haz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya), a ji shi ya yi yawa a jikin bango, ya kuma yi rauni a tsakiyar ɗaki. Idan tsawo da faɗi ɗaya ne, matsalar takan ninka, don haka wanda yake da zaɓi ya ɗauki ɗakin da tsawonsa ya fi faɗinsa.

Bayan ɗaki sai sifiku, kuma a nan ne ya dace kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi, domin su ne suka fi kowane ɓangare sauya abin da kunne yake ji. Ɗakin da bai wuce mita 3 ko 4 ba ya ishe shi ƙananan sifiku biyu da za a ɗora a kan maɗori. Manyan da ke tsayawa a ƙasa suna buƙatar falo. Lambobi biyu ne a bayan sifika suka cancanci a duba. Ta farko ita ce om, yawanci 4 ko 6 ko 8, wadda take nuna nauyin da sifika take ɗora wa amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura shi ga sifiku. Ta biyu ita ce yawan ƙarar da sifika take bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya, misali desibel 88, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙara. Duk ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka ƙarfin amfilifaya, wanda hakan ke nufin sifika mai 91 za ta yi ƙarar mai 88 da rabin wutar. Su kuwa manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali, irin wat 3,000 da harafan PMPO a gefe, talla ce kawai. Lambar da ake dogara da ita ita ce wadda aka rubuta RMS a kusa da ita, wato ƙarfin da na'ura take iya bayarwa a kai a kai, kuma wat 30 zuwa 60 na gaskiya a kowane gefe sun wadatar da ɗakin zama.

Da yake sababbin kaya masu inganci sun yi tsada, yawancin masu wannan sha'awa kayan hannu suke saye, ko a shagunan masu sayar da kayan gwanjo na kasuwar Sabon Gari, ko a wurin masu gyaran rediyo, ko daga tsofaffin ma'aikata da suka ajiye Sansui ko Pioneer ko Kenwood ko Technics tun shekarun 1970 da 1980. Wannan ciniki ne mai kyau idan an yi shi da ido buɗe. A cire ragar gaban sifika a duba zoben da ya kewaye takardarta, domin idan na soso ne yakan ruɓe bayan shekaru, ya riƙa marmashewa da an taɓa shi. A danna takardar a hankali da yatsu a kewayen tsakiyarta; in aka ji tana gogar wani abu a ciki, to nannaɗen wayar da ke cikinta ya ƙone ko ya karkace. Sannan a kara kunne kusa da ƙaramar sifikar sama, wadda take fitar da siririn sauti, a tabbatar tana aiki a duka biyun, saboda ita ce ta fi saurin mutuwa, kuma mai sayarwa ba kasafai yake ambata ba. Kada a yarda da gwajin minti biyu cikin hayaniyar kasuwa. Mutum ya je da abin da kunnensa ya riga ya sani, ya nemi a bar na'urar a kunne ta yi ɗumi, ya murɗa kowane maɓalli ya ji ko yana ƙarƙara, ya karkatar da sautin hagu zalla sannan dama zalla.

Kafin a cusa filogin kowace na'urar gwanjo a soket, wajibi ne a karanta abin da aka rubuta a bayanta. Wutar Nijeriya bolt 230 ce mai haz 50, alhali kayan da aka yi domin kasuwar Japan na bolt 100 ne, na Amurka kuma bolt 120 mai haz 60. Wasu na'urorin suna da maɓallin zaɓen bolt a baya, sai a juya shi zuwa 220 ko 240; waɗanda ba su da shi sai an haɗa su da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi ne zai tashi nan take. Mai sayen garmaho kuma yana da ƙarin abin lura, domin irin wanda injinsa yake bin bugun wutar gida, idan an ƙera shi domin haz 60, zai riƙa juya faifan da ya kamata ya yi zagaye 33 da sulusi a minti a kan kusan 28, murya ta yi nauyi tana ja. Taransifoma ba ta gyara wannan.

Ita kanta wutar gida tana buƙatar tanadi, tunda kowa ya san yadda take hawa da sauka. A sa sitabilaiza mai jinkirta sakin wuta, yadda idan an dawo da wuta ba za ta afka wa na'ura kai tsaye ba, kuma a ɗauki wadda ƙarfinta ya zarce jimillar abin da kayan suke ci. Mai amfani da sola ya tabbatar inbatarsa irin mai fitar da wuta mai santsi ce kamar ta layi, domin mai araha takan sa taransifomar amfilifaya ta riƙa gurnani tana zafi. Ƙaramin janareta shi ne mafi haɗari, musamman lokacin da mai yake gab da ƙarewa injin yana tari, kuma a ganina gara a haƙura da saurare a wannan daren da a haɗa tsohuwar amfilifaya da shi.

Haɗa wayoyi ba ya ɗaukar lokaci, amma a yi shi komai yana kashe. Wayar jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita 1.5 ta isa idan nisan bai wuce 'yan mitoci ba, mai 2.5 kuma idan ya yi tsawo; a kankare bakinta da wuƙa a gani, idan cikinta fari ne to sanholo ne aka shafa wa jan ƙarfe. Babu buƙatar waya mai tsadar gaske. Abin da ake buƙata shi ne ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a duka sifikun biyu, domin idan aka juya ɗaya, takardar wannan za ta riƙa fita lokacin da ta waccan take shiga, bas ya zirare, murya kuma ta rasa mazauni. Idan alamar ta goge, a taɓa wayoyin sifika da ƙaramin batir mai bolt 1.5 na ɗan lokaci: in takardar ta turo waje, wayar da ke gefen batir mai alamar + ita ce ja. A kula kada silin waya ko ɗaya ya tsallaka ya taɓa ɗan'uwansa. Haka nan kada a jibga sifiku huɗu a kan amfilifaya don neman ƙara, saboda biyu masu om 8 da aka haɗa a baki ɗaya sun koma om 4, biyu masu om 4 kuma sun koma 2, nauyin da yawancin na'urorin gida ba sa iya ɗauka.

Matakin da ya fi kowanne sauya sauti, kuma ba ya cin ko sisi, shi ne ajiye sifiku. Tsarin sauti mai gefe biyu, wanda injiniyan Ingila Alan Blumlein ya yi wa rajista a 1931, yana aiki ne idan nisan kowace sifika zuwa kunnen mai saurare daidai yake da na ɗayar. Don haka a raba su da kimanin mita 2, a sa kujera a tsakiya ita ma mita 2 daga kowace, su ukun su zama kamar duwatsun murhu. A ɗaga su yadda ƙaramar sifikar sama za ta yi daidai da kunnen wanda ke zaune. Wanda ya saba zama a kan darduma sai ya sauke su gwargwadon haka. A janye su daga bangon baya da kamar santimita 30 zuwa 60, musamman masu rami a baya, kada kuma a cusa su a kusurwa ko a rataye su can kusa da silin kamar na shagon aski. Daga nan sai a sa muryar mutum ɗaya, karatu ko waƙa mai kayan kiɗa kaɗan irin kuntigi ko gurmi, a rufe ido. Idan komai ya daidaita, muryar za ta fito daga tsakiya, daga wurin da babu sifika sam. In ta bazu, a ɗan karkato fuskokinsu zuwa kujera. In bas ya yi gunji yana danne magana, a ƙara janyo su gaba. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, da tazarar da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, a saurara kafin a sake taɓa wani abu, kuma a bar maɓallan bas da na siririn sauti a tsakiya har a gama. Akwai wata dabara ta gano inda za a rataya labule ko darduma a bangon gefe: mutum ya zauna a kujerarsa, wani ya riƙa jan madubi a jikin bango, duk inda aka hango sifika a cikin madubin, nan ne sauti yake dukan bango ya dawo kunne.

Abin da ake ciyar da na'ura shi ma yana da muhimmanci, domin sifika mai kyau ba ta ɓoye aibi, fito da shi take yi. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana ɗauke da bayanan sauti har kilobit 1,411 a daƙiƙa, yayin da yawancin fayilolin MP3 da masu tura waƙoƙi suke zuba wa mutane a waya ba su wuce 128 ba. Wanda zai saurara daga waya ko kwamfuta ya nemi fayil mai 320 ko nau'in FLAC, wanda ba a zubar da komai daga sautinsa ba, kuma haɗawa da waya ya fi Bluetooth tabbas. Garmaho yana buƙatar shiga ta ƙofar da aka rubuta Phono, tare da ɗaure siririyar wayarsa ta ƙasa a dunƙulen da ke bayan amfilifaya domin kashe gurnani. Mai tsofaffin kaset kuwa ya riƙa goge kan na'urar da auduga da ɗan sifirit.

Game da ƙara, kunne ne yake biyan bashin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar saurare ga babban mutum a desibel 80 na sa'o'i 40 a mako, kuma alama mai sauƙi ita ce, idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. Murɗa ƙaramar amfilifaya har ta shaƙe shi ne yake ƙona ƙananan sifikun sama. Bas kuma yana ratsa bango fiye da sauran sauti, saboda haka a gidan haya ko gidan gandu a rage shi da dare, a kashe gaba ɗaya idan an kira salla.

Wajen kunnawa, amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa kuma ita ce ta farko, tare da sauke ƙara ƙasa kafin duka biyun. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazon hunturu yake shiga ko'ina, a riƙa rufe kaya da ƙyalle bayan sun huce, ba suna aiki ba, domin ramukan saman amfilifaya na fitar zafi ne. Faya-fayan garmaho a jera su a tsaye nesa da taga, saboda zafin Maris da Afrilu yana lanƙwasa su. Da damina kuma, da zarar hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare filogi daga bango tare da wayar eriya, domin kashe maɓalli kaɗai ba ya tare tsawa.