Yadda zaka lura da tawadar Allah a jikinka daga bazara zuwa hunturu

Tawadar Allah ba komai bace illa ƙwayoyin da suke samar da launin fata da suka taru a wuri ɗaya, shi yasa wurin yafi sauran jiki duhu. Su kuma waɗannan ƙwayoyin rana ce take motsa su, da ta buge su sai su ƙara aiki. To kaga daga watan Maris zuwa Mayu lokacin da rana take ƙwallewa kamar zata fasa kai, ba abin mamaki bane kaga na fuska da wuya da bayan hannu sun ɗan ƙara duhu tare da fatar dake kewaye dasu. Wannan kam ba abin tsoro bane. Haka ma mai ciki ko yaro mai shiga balaga nasu kan yi duhu. Wadda ake tsoro ita ce ɗaya tilo da ta ware daga 'yan uwanta tana canzawa ita kaɗai.

Abinda zakayi mai sauƙi ne. Duk sanda yanayi ya juya, farkon bazara, farkon damina, kaka da kuma hunturu, ka samu wuri mai haske ka ɗauki hoton kowacce da wayarka, ka ajiye rula a gefenta don ka san girmanta, na baya kuma ka bawa matarka ko ɗan uwanka ya ɗaukar maka. Sai ka riƙa kwatantawa da hoton baya: shin ɓangarenta ɗaya ya bambanta da ɗayan, bakinta ya daina zama a zagaye ya fara yaɗuwa, launi ya rabu biyu ko uku, faɗinta ya wuce milimita 6 wato kusan abin goge rubutu na kan fensir, ko tana ƙaiƙayi tana jini ba tare da ka taɓa ta ba. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan sai ka nuna wa likita. Sabuwa da ta fito bayan mutum ya haura shekara 40 itama a nuna masa.

Sai wurin da mutanenmu basa dubawa sam, kuma wallahi nan yafi damuna. Mu baƙaƙen fata kansar fata da ake kira melanoma bata cika fito mana inda rana take bugu ba, tafi son tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce. Mawaƙin nan na Jamaika Bob Marley a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa tasa ta fara, ta kashe shi a 1981 yana da shekara 36. Da yawa sai suce ai kanta ce ko taka wani abu nayi, ana ta shafa magani ana ɗaurewa har sai abin yayi nisa. Lokacin alwala kana wanke ƙafar nan kullum, to dan Allah ka ɗaga ta ka kalli ƙasanta da tsakanin yatsu. Baƙin layi a farce da yake ƙara faɗi shima kar a raina shi.

Da hunturu matsalar bushewa ce, fata tayi fururu mutum yayi ta susa har ya kwarzane tawadar da ta taso ta fara jini. Ka shafa man kaɗanya ko basilin da zarar ka fito wanka. In ta warke cikin sati biyu zuwa uku shikenan, in taƙi warkewa sai asibiti. Kuma hazo ko hadarin damina basa tare hasken dake ƙona fata gaba ɗaya, manomi a gona rana tana samunsa ko gari ya lumshe.

Kariya kuwa, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a nemi inuwa in da hali, malafa da riga mai dogon hannu da lema duk suna aiki. Zabiya da masu hasken fata su nasu dole ne, man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko 50, a sake shafawa bayan awa 2 ko in anyi gumi, yaro zabiya kuma kar a tura shi talla ko kiwo da tsakar rana. 'Yan uwa mata masu bilicin ku sani man nan garkuwar fatar yake cirewa, rana tafi yi muku illa yanzu.

Ƙananan baƙaƙen ƙurajen nan dake fitowa manya a kumatu da gefen ido yawanci gado ne basu da illa. Amma duk wadda ka zarga kar ka kaita wajen wanzami, kar a ɗaure ta da zare ko a ƙona ta da kanwa, in aka cire ta a gida an rasa abinda za'a gwada kuma in muguwa ce saiwarta tana nan. Ka nemi likitan fata, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya suna dasu, shi zai yanke ta a kai ɗakin gwaji a duba. Ka tafi masa da hotunan da ka tara a waya.