Birkin Motar Gudu: Abin da Ake Fara Canzawa da Wanda Ake Bari Sai Ƙarshe

Yawancin samarin da ke kawo mini BMW ko Benz ko Lexus IS a garejina na Kurmin Mashi a Kaduna su ce a ƙara musu birki, abu ɗaya ne a ransu: jan kalifa, wato ƙarfen nan da ke damƙe farantin birki, mai rubutun Brembo da zai riƙa leƙowa ta cikin rim. Ni kuwa kalifa shi ne abu na ƙarshe da nake taɓawa.

Birkin da kamfani ya sa wa irin waɗannan motoci, in yana da lafiya, ya isa ya danne taya har ka ji ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, na karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka. Muddin yana iya haka, babban kalifa ba zai rage maka ko mita ɗaya ba a takun farko. Inda gizo ke saƙa shi ne taku na takwas, na goma, bayan ƙarfe ya ɗau wuta. Duk gudun da birki ya kashe, zafi yake komawa. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 160 a awa, in ka tsayar da ita cak, zafin da ya fito ya isa ya tafasa ruwa kusan lita biyar. In ka ninka gudu sau biyu kuma, zafin sau huɗu yake ninkuwa. A hanyar Zariya ka taka sau ɗaya, ka yi tafiya mai nisa, iska ta sanyaya komai. A filin tsere kowace kwana sai ka taka, kuma kafin farantin birki, ƙarfen da ke juyawa tare da taya, ya huce wata kwanar ta iso.

Saboda haka ka fara sanin irin gajiyar da birkinka ke yi, don iri biyu ce kuma maganinsu daban. In feda na nan da tauri amma mota ta ƙi tsayawa, ga warin ƙauri na tashi, fad, wato abin da ke gogar faranti in an taka birki, shi ne ya wuce zafin da zai iya ɗauka. In kuwa feda ya yi laushi yana nutsewa ƙasa, man birki ne ya tafasa a cikin kalifa ya zama tururi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura fistin da ke danna fad. Ta biyun ta fi haɗari, don ba ta cika yin sallama ba.

Kafin duk wannan, durƙusa ka dubi taya. Ita kaɗai ke taɓa kwalta. A gefenta, bayan rubutun DOT, akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar Beljiyam da ta tsufa roba ta ƙeƙashe, ko da zanenta na nan raɗau, ba ta kama ƙasa. Wanda ya zuba kuɗi a birki ya bar irin wannan taya, ABS zai yi ta ji yana aiki da wuri, mota kuwa tana ci gaba da sulalewa.

Sai mai. Nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa, kuma nan aka fi sakaci. Man birki na DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 yana shan danshin iska. Sabon DOT 3 ƙa'ida ta ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 digiri 260. Da ya sha ruwan da bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba, sai lissafin ya faɗo zuwa 140 da 155 da 180. Mu a Kaduna damina tana daɗewa, tun daga Afrilu ko Mayu har Oktoba iska a jiƙe take, kuma motar tokumbo da yawa tun man da ta shigo da shi daga Kwatano ne a cikinta, ana ta ƙari a kai in ya ragu. Buɗe murfin ka leƙa. In ya yi duhu, kada ka ƙara, zubar da shi za a yi gaba ɗaya.

Don gari da fili tare, nemi DOT 4 na tsere. ATE Typ 200 yana kai digiri 280, Motul RBF 600 ya haura 300, Castrol SRF kuma ko ya sha ruwa yana riƙe kusan 270, sai dai kuɗinsa da ciwo. Ka kiyayi DOT 5 zalla, mai launin shunayya. Silikon ne, ba ya gauraya da sauran, kuma ba a so shi a mota mai ABS. Lambarsa ce kawai ta yi kusa da ta 5.1. Sayi gwangwani a rufe, lita guda ta isa wanke layin duka. Ragowar da aka buɗe aka ajiye wata da watanni a kan kanta ta riga ta sha iska. Man giya ko na sitiyari kuwa ko ɗigo kada ya shiga, yana kumbura robobin masta, wato famfon da feda ke turawa, da na kalifa. In man birki ya zuba a jikin mota a wanke nan take, yana cin fenti.

Canza mai da cire iska daga layin birki aikin mutum biyu ne. Ina sa yaro a kujerar direba, ni ina ƙasa da sifana da siririn tiyo mai gani-har-hanji, bakinsa ɗaya a kan nonon kalifa, ɗan notin da ake sassautawa mai ya fito, ɗayan a cikin gora.

"Taka sau uku ka riƙe."

"Na riƙe, Oga."

Sai in sassauta, baƙin mai ya fito da kumfa, feda ya nutse, in ɗaure kafin in ce masa ya saki. In ya riga ni saki, iska ta koma ciki, aiki ya dawo sabo. Haka za a yi ta yi har mai ya fito garau babu ƙwayar kumfa ko ɗaya. A yawancin motoci ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta, wato bayan dama, sai bayan hagu, gaban dama, gaban hagu, amma wasu irin su Honda tsarinsu daban ne, a duba littafin motar. Kuma ido na kan tankin sama, don in ya ƙafe iska ta shiga famfon ABS, wani lokacin sai da kwamfuta za a fitar da ita. Motar gari kowace shekara biyu ake canza mata. Mai shiga fili ya sabunta kafin ranar wasa.

Tunda an buɗe layi, a lokacin ake canza tiyon roba zuwa mai saƙar ƙarfe. Tsohon tiyo yana kumbura in an matsa masa, sabon ba ya yi, sai feda ya ƙara tauri. Ba ya ƙara ƙarfin tsayawa, jin ƙafa kawai yake gyarawa. A juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu a tabbatar ba ya gogar taya ko shokazoba, don saƙar nan tana cin duk abin da ta goga.

Fad shi ne inda mutane ke ruɗewa. Mai shago zai ce maka seramik ya fi kowanne. Don zirga-zirgar gari gaskiyarsa ne, ba ya ƙara, ba ya baɗe rim da baƙar ƙura. A fili kuwa da wuri yake sarewa. Fad ɗin tsere zalla shi kuma sai ya ɗau zafi yake kamawa sosai. Ka fito da sassafe cikin hunturu, ɗan keke ya yanko maka a Kawo, ka taka ka ji bai ciza yadda ka saba ba, ga ƙara, ga cin faranti. Wanda mota ɗaya gare shi, da ita zai je ofis da ita zai shiga fili, ya nemi na tsakiya irin su Ferodo DS2500 ko EBC Yellowstuff ko Hawk HP Plus, ya kuma haƙura da ƙura da ɗan tsuwa. Wanda ya fara gudu da gaske, ni shawarar da nake ba shi ita ce saiti biyu na gaba, a sa na fili ranar wasa, a cire in an dawo. Aikin bai kai awa ɗaya ba.

A gefen fad da yawa za ka ga haruffa biyu, FF ko GG ko EE. Na farko ƙarfin kamunsa ne da ɗan zafi, na biyu da zafi mai yawa, kuma G ya fi F, F ya fi E. In na biyun ya gaza na farko, fad ne da ke raguwa in ya yi zafi. Jabu kuma ya yi yawa, kwali mai kyau da suna babba, ciki kuwa sai Allah. Araha ba ta ado a nan. Abu ɗaya da ba na yarda da shi ko mai mota ya nace: sa wa baya fad da ya fi na gaba kamu. In an taka birki nauyi gaba yake komawa, gaba ke yin kashi biyu cikin uku na aikin ko fiye. Baya ya riga gaba kamewa a cikin kwana, sai dai ka ga mota ta juyo tana kallon inda ta fito.

Faranti ba sai mai huji ba. Hujin nan kyau ne da shi a hoto, amma da zafi da sanyi sun yi ta maimaituwa, daga bakin hujin tsagewa ke farawa. Sumul mai kyau ko mai tsaga-tsaga ya fi dacewa da fili. A jikinsa an buga MIN TH da lamba, shi ne iyakar siranta, a auna, in ya kai a yar. Kai shi wurin mai injin yankan ƙarfe a share yana rage masa nama, naman kuwa shi ke ɗaukar zafi. Wurin ɗaurawa a goge tsatsar fuskar hob, inda farantin ke zama, da sanfefa har ta yi fes, don ɗan datti a nan shi ke zama rawar sitiyari bayan wata biyu. A ɗaure notin taya da sifana mai awo, BMW E46 na son 120 Nm, Toyota da yawa 103. Ba yaro ya hau kan sifana yana tsalle ba.

Sabon fad da sabon faranti sai an sa sun saba da juna. Nemi hanya miƙaƙƙiya da babu kowa, da sassafe, kada ka gwada wannan a Ali Akilu ko Ahmadu Bello Way. Daga kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta yarje wa ƙaramar mota a babbar hanya ta express, ka taka da ƙarfi zuwa 20, kada ABS ya shiga, kada kuma ka tsaya cak. Ƙara wuta ka maimaita, sau takwas zuwa goma. Za ka ji wari, wataƙila ka ga ɗan hayaƙi, ba komai. Sannan ka yi tafiyar minti goma ba tare da taɓa birki ba. In ka tsaya ka danne feda faranti na da zafi, fad zai bar shatinsa a wuri ɗaya, kuma yawancin abin da ake cewa faranti ya lanƙwashe wannan shatin ne.

In an yi duk wannan birki bai daina gajiya a fili ba, to yanzu maganar girma ta zo. Kafin ka yi odar kit daga Amurka ko Ingila, duba babban wan motarka. Mai E46 325i farantin gabansa milimita 300 ne, na 330i kuwa 325 ne kuma ya fi kauri, kalifa da mariƙinsa suna hawa kai tsaye, sai dai dole rim ya kai inci 17. Irin wannan ana dacewa da shi a Panteka, a canza masa robobi da fistin in ya yi tsatsa. Kit na Brembo ko AP Racing da aka ƙera don motarka takamaimai yana da kyau in aljihu ya ɗauka. Kalifan wata babbar jif da aka yanka wa ƙarfe aka liƙa da walda kuwa, fistin ɗinsa ya fi ƙarfin mastarka, feda zai yi tsawo, rabon aiki tsakanin gaba da baya ya lalace. Jan murfin nan da ake mannawa a kan kalifa don ado, a cire shi, iska yake tarewa. Iskar ma ita ake nema: tiyo mai faɗi daga bamba zuwa tsakiyar faranti yana sauke zafi da kuɗi ƙalilan.

Ranar fili kada ka shiga da fad da ya ci fiye da rabi, don siririn fad da sauri yake miƙa zafi ga mai. Zagayen ƙarshe ka yi shi a hankali. In ka fito kada ka ja birkin hannu, sa ta a giya ko ka kafa wa taya dutse, kuma kada wani ya watsa wa faranti ruwa. Bayan ta huce, cire tayoyin gaba ka duba fad na ciki, wanda ba a gani daga waje, don sau da yawa shi ke riga cinyewa. Duba robar da ke rufe fistin ko ta ƙone, bi faranti da ido ko akwai tsagar da ta kai baki, sannan a ɗan fitar da mai daga kowane kalifa kafin motar ta koma hanya.